Ina son karanta kimiyyar ƙwaƙwalwa a jami'a, ta wace ƙofa zan shiga?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a sakandare a nan Daura, ɓangaren kimiyya nake. Ƙanena yana da farfaɗiya tun yana ƙarami, shi ya sa nake son in karanci kimiyyar ƙwaƙwalwa, wadda ake kira niyurosayans. Na duba ban ga kwas ɗin a jami'o'in Katsina ba. Baba ya ce in nemi likitanci kawai, yayana kuma ya ce ko na karanta ba aiki. Shin ana yinsa a digirin farko? Me ake koya a ciki? Idan na gama zan iya duba marasa lafiya irin ƙanena?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ƙaninki lafiya. Tambayoyi uku kika haɗa: ko ana yin kwas ɗin a digirin farko, me ake koya, da ko zai ba ki damar duba marasa lafiya. Da ta ƙarshe zan fara, domin amsarta ce za ta nuna miki abin da za ki cike a fom ɗin JAMB.

Amsar ita ce a'a. Digirin kimiyyar ƙwaƙwalwa, ko a Landan kika yi shi, ba ya ba ki izinin duba mara lafiya ko rubuta masa magani. A Najeriya hukumar MDCN ce ke ba likitoci lasisi, kuma sai wanda ya yi digirin likitanci take ba wa. Masanin kimiyyar ƙwaƙwalwa aikinsa bincike ne, ya gano yadda abu ke faruwa da dalilinsa. Likita kuma yana zaune da mutum ɗaya a gabansa yana neman masa sauƙi. Suna buƙatar juna, akwai ma masu haɗa duka biyun, amma kowa da hanyar da yake bi.

Idan abin da ke ranki shi ne ki zauna da uwa da ɗanta, ki saurari yadda ciwon ke tashi, ki karanta gwajin EEG mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, ki daidaita magani, to Baba ya yi gaskiya, likitanci za ki nema. Shekara 6 ne a jami'a, sai shekara ɗaya ta horon asibiti, sai bautar ƙasa, sannan ki ci jarrabawar shiga horon ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Wanda zai duba yara irin ƙaninki sai ya fara zama likitan yara, sannan ya karkata ɓangaren ƙwaƙwalwa. Mai duba manya ta ɓangaren cututtukan cikin jiki yake bi, mai tiyatar kai kuma ta ɓangaren fiɗa. In kika haɗa duka, shekara 13 zuwa 15 ke nan, in ba a yi dogon yajin aiki ba. Gara ku san nisan tafiyar tun yanzu a gida, tunda aure da haihuwa za su iya faɗowa a tsakiya. Mata da yawa sun haɗa sun kuma gama, amma da goyon bayan gida suka yi.

Akwai wani rami da ɗalibai ke faɗawa duk shekara. Makinsu bai kai na likitanci ba, jami'a ta ba su Anatomi (ilimin sassan jiki) ko Fisiyoloji (ilimin yadda jiki ke aiki), su karɓa da niyyar in sun shiga aji biyu za su sauya. Gurbin likitanci ƙayyadadde ne, MDCN ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, don haka sauyin ba kasafai yake yiwuwa ba. Sai ɗalibi ya shekara huɗu rai a ɓace a kwas ɗin da bai ɗauka da muhimmanci ba, ya fita da sakamako mai rauni, ba tsuntsu ba tarko. Wasu jami'o'in suna ɗaukar mai irin wannan digiri a aji biyu na likitanci ta hanyar shiga kai tsaye, amma mai sakamako mai kyau suke ɗauka. Ke nan duk inda kika samu kanki, ki yi karatun da gaske.

Abin da ake koya

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta kilo 1.3 zuwa 1.4 ne, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa lokacin hutu. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya, waɗanda ake kira niyuron, kimanin biliyan 86. Karatun hawa-hawa yake bin ta, daga sinadari zuwa ƙwaya guda, daga ƙwaya zuwa yadda dubbai ke haɗuwa su yi aiki, har a kai ga gani, ji, barci, tunawa da hali.

Tunda farfaɗiya ce ta kawo ki, bari mu bi ta cikinta ki ga irin karatun. Kowace niyuron tana da ɗan bambancin lantarki tsakanin cikinta da wajenta, kimanin milibolt 70 ƙasa da sifili idan tana hutawa (milibolt ɗaya bisa dubu ne na bolt). Akwai wani famfo a jikin fatarta da ke fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, ba dare ba rana, shi ke riƙe da bambancin gishirin da ke haifar da wannan lantarki. Idan saƙo ya zo ya kai wani mizani, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, lantarkin ya yi tsalle zuwa kimanin 30 sama da sifili sannan ya dawo, duk a cikin kusan ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Hodgkin da Huxley ne suka fayyace wannan a Ingila a 1952, da kakkaurar jijiyar wani naman teku, kuma da lissafi suka bayyana shi. Idan saƙon ya kai ƙarshen jijiya, yawanci sinadari ake fesawa a ɗan gibin da ke tsakaninta da ta gaba. Gulutamet yana zuga ƙwaya ta gaba, GABA yana kwantar da ita. Farfaɗiya tana tashi ne idan zugar ta rinjayi kwantarwar, ƙwayoyi masu yawa suka harba lokaci guda. Daga nan magungunan za su fara yi miki ma'ana: kabamazefin yana hana ƙofofin sodiyam saurin sake buɗewa, fenobabiton kuma yana ƙara wa GABA ƙarfi. Za ki kuma gane abin da ya sa tsayar da maganin farat ɗaya ke da haɗari, domin ƙwaƙwalwar ta riga ta saba da shi, da an janye sai zugar ta dawo da ƙarfi.

Tunda magana ta zo nan, likitan da ke ganin ƙaninki ne kaɗai zai ce a ƙara ko a rage, daga nesa ba a yanke wannan. Amma za ki iya taimaka masa tun yau. Ki ajiye littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, ƙarfe nawa, minti nawa ya yi, ko akwai zazzaɓi, ko bai samu barci ba, ko an tsallake magani. In da hali a ɗauki bidiyo da waya a nuna wa likita. Idan ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, kuma idan jijjigar ta wuce minti 5 a tafi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai an ba da magani yadda ya kamata.

Ki lura, bayanin can na sama akwai Kemistiri, Fiziks da Lissafi a ciki, ba Bayoloji kaɗai ba. A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, domin da hadda suka saba. Akwai lissafin Nernst, wanda ke fitar da lantarkin ƙwaya daga bambancin gishirin ciki da waje: fotasiyam 140 a cikin ƙwaya, 5 a waje, a zafin jikin mutum, amsar tana fitowa kimanin milibolt 89 ƙasa da sifili. Logaridim ɗin aji huɗu na sakandare ne kawai. Amma wanda ya haddace amsar, da an mayar masa da 5 ya zama 8 aka ce me zai faru da jijiyar, sai ya tsaya cak. Haka hanyoyin saƙo a laka da ƙwaƙwalwa, ba sa zama a kai sai an zana su da hannu sau da yawa. Wanda ya zana inda jijiyoyin motsi ke tsallakawa daga wani ɓari zuwa wani a gindin ƙwaƙwalwa, ba zai ƙara mamakin yadda ciwo a hagun ƙwaƙwalwa ke shanye ɓarin dama na jiki, ya kuma sha haɗawa da magana ba.

Ƙofofin shiga a nan gida

Kin duba daidai. A jami'o'inmu na nan kusa ba a saba ba da kimiyyar ƙwaƙwalwa a matsayin digirin farko mai cin gashin kansa ba. Ko a Amurka sai a 1973 aka fara hakan, a kwalejin Amherst. Masu wannan bincike a Najeriya yawancinsu ta wata ƙofa suka shigo, suka ƙware a digiri na biyu da na uku, kuma wannan ba naƙasu ba ne.

A ganina ƙofa mafi kusa ita ce Fisiyoloji, domin ita ke koyar da yadda jijiya ke aiki, irin abin da na bayyana a sama. Sai Anatomi, wadda za ta ba ki sanin sassan ƙwaƙwalwa da ƙwarewar yanka nama a duba a maikuroskof. Duka biyun shekara 4 ne, ana yin su a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano. Idan gida ba za su bar ki ki fita jihar ba, Bayokemistiri ko Bayoloji a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma za su kai ki, sai dai za ki ƙara karatun jijiya da kanki. Akwai kuma ƙofar da mutane ba su cika tunawa da ita ba, wato Lissafi, Fiziks ko kimiyyar kwamfuta. Wani babban reshe na fannin yanzu aikinsa nazarin bayanai ne da kwaikwayon jijiyoyi a kwamfuta, kuma ɗakunan bincike suna neman mai lissafin da ya koyi Bayoloji ruwa a jallo.

Idan kina son kwas mai lasisi wanda zai haɗa ki da marasa lafiya ba tare da likitanci ba, ki dubi harhaɗa magunguna, ko gashin ƙashi da motsa jiki wanda ake yi a Bayero. Masu gashin ƙashi kullum suna tare da masu shanyewar ɓarin jiki da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen haihuwa, kuma daga nan ma ana shiga bincike.

Sharuɗɗan kusan ɗaya ne: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, sannan a JAMB ki zauna Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Idan Lissafi ko kwamfuta za ki nema, haɗin darussan ya bambanta, dole Lissafi ya shiga. Makin da ake yankewa yana canzawa duk shekara, don haka kundin JAMB na shekararki da sanarwar jami'ar za ki bi, ba abin da wata ta samu bara ba.

Shekaru huɗun, da inda aiki ke lalacewa

Sakamako tun daga aji ɗaya ake tara shi. A ma'aunin 5.00, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu mai girma daga 3.50. Ƙasa da 3.50 yawancin ƙofofin tallafin karatu a rufe suke. Darussan aji ɗaya maimaicin sakandare ne da ɗan ƙari, su ne suka fi arhar maki, su ne kuma aka fi yi wa sakaci.

Bayan sakamako sai aikin hannu. Furojek ɗin aji huɗu a sassan nan yawanci salo ɗaya ne: a ba ɓeraye wani guba kamar dalma ko alminiyam, a ba wasunsu ruwan wani ganye, a gwada tunaninsu, a yanka ƙwaƙwalwar a duba. Ba laifi a fara da shi, amma ki san inda yake ruɓewa. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin mintuna bayan mutuwar dabba, balle a zafin Katsina. Dole ta shiga famalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100 nan take, ruwan ya ninka girman naman sau 10 zuwa 20, ta kwana ɗaya zuwa biyu. Idan aka matsa ta da yatsa ko ƙarfe tana ɗanya wajen cirowa, wasu ƙwayoyin za su tsuke su yi duhu a maikuroskof. Ɗalibai da yawa suna ganin waɗannan su rubuta cewa guba ce ta kashe su, alhali hannunsu ne. Maganin abin shi ne a tura ruwan famalin ta zuciyar dabbar bayan an sumar da ita, naman ya daskare tun yana cikin ƙoƙon kai, sannan a duba rukunin da ba a ba komai ba. In su ma suna da ƙwayoyi masu duhun, to ba gubar ba ce. Wajen yanka kuma, kakin da ake zuba naman a ciki yana laushi da zafi, sai an ɗora shi kan ƙanƙara kafin ya yanku a kaurin maikuron 5 (maikuron ɗaya bisa dubu ne na milimita) ba tare da ya naɗe ba.

Gwajin hali ma haka. Ɓera da dare yake harkarsa, don haka idan an gwada wani rukuni da safe wani da yamma, bambancin da aka gani zai iya zama na lokaci ne kawai. Ƙarar janareta tana firgita shi. Idan ba a goge akwatin da sifirit mai kashi 70 tsakanin wannan ɓera da wancan ba, na biyu warin na farko zai bi. Sannan wanda ke ƙirga sakamako bai kamata ya san wane ɓera ne ya sha magani ba, domin ido yana ganin abin da rai ke so. Ki ba wata abokiyar karatu ta sa wa kejin lambobi ta ɓoye takardar har ki gama. Kafin a taɓa dabba kuma sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, in babu shi mujalla mai mutunci ba za ta buga aikin ba.

Akwai dabbar da ta fi ɓera sauƙi, ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba, Drosophila. Ƙwaƙwalwarsa tana da niyuron kusan 140,000, kuma a 2024 aka wallafa cikakkiyar taswirar haɗuwarsu. Abincinsa garin masara ne da yis da sukari, daga ƙwai zuwa babba kwana 10 ne a zafin digiri 25. Matsalarsa a wajenmu ɗaya ce, da zafi ya kai wajen digiri 30 mazan sukan daina haihuwa, ga shi bazararmu tana haura 40. In babu inkubeta da wutar sola mai ɗorewa, ki tsara aikin ya faɗo lokacin hunturu.

Abu na uku, wanda babu mai tilasta miki amma shi zai bambanta ki, shi ne ƙididdiga da rubuta manhaja. Ki fara Python tun aji biyu, ki koyi ImageJ na auna hotunan maikuroskof, duka kyauta ne. Cibiyar Allen da rumbun OpenNeuro suna sakin bayanan ƙwaƙwalwa na gaske a intanet, mai kwamfutar cinya a Daura zai iya nazarinsu ba tare da ya sayi ɓera ko ɗaya ba. Neuromatch, wadda aka fara a 2020, tana koyar da reshen nan na nazarin bayanai da kwaikwayon jijiyoyi ta intanet, darussanta kuma a buɗe suke.

Ki kuma nemi jama'ar fannin. Akwai ƙungiyar masana kimiyyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya mai taro duk shekara, da SONA ta Afirka baki ɗaya. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa na IBRO da TReND suna shirya gajerun makarantun horo a ƙasashen Afirka, sau da yawa da tallafin tafiya. A Damaturu akwai cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, tana da kayan aiki na zamani kuma tana horar da matasa. Lokacin horon sanin makamar aiki na aji uku, irin wuraren nan za ki nema, ba inda za a sa miki hannu a littafi kawai ba.

Maganar yayanki

Yana da gaskiya rabi. Da digirin farko kaɗai a Fisiyoloji ko Anatomi, ayyukan da ke akwai ba su da yawa: koyarwa, taimaka wa masu bincike, tallan magunguna ga asibitoci, tattara bayanai a ƙungiyoyin lafiya. Ba za ki ga an buga neman ma'aikaci an ce ana son masanin ƙwaƙwalwa ba. Wanda zai ci abinci da fannin sai ya yi digiri na biyu, yawanci har na uku, ya zama malamin jami'a ko mai bincike. Wato shi ma shekara 10 ne ko fiye. Idan gida suna jiran albashinki nan da shekara biyar, kwas mai lasisi ya fi miki, ki shiga binciken daga baya. Wannan lissafin ku za ku yi shi, domin ku kuka san halin gidanku.

Inda ban yarda da shi ba shi ne a ce fannin ba shi da amfani a nan. Tambayoyin a ƙofar gidanmu suke. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Sanƙarau yana barin kurumta, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai yana barin farfaɗiya, tamowa tana taɓa girman ƙwaƙwalwar yaro, ga tiramadol da kodin a hannun matasa. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an yi binciken da ya nuna za a iya gano yaran sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta hanyar auna gudun jini a kai, a kuma rage haɗarin da maganin haidiroksiyuriya. Tun kafin nan Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi suna a duniya da binciken wata cutar jijiya da ya danganta da gubar rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Cutar da ke gabansa ya bincika, ba ta wata ƙasa ba.

Zancen fita waje

A Ingila digirin shekara 3 ne, a Sikotland da Amurka 4. Jami'o'i irin su UCL, Edinburgh da Sussex suna yinsa. Sai dai kuɗin makarantar baƙo a irin wannan kwas ya haura fam 20,000 a shekara, ban da ci da kwana, kuma a Ingila yawanci ba sa ɗauka da WAEC kaɗai sai an yi shekarar share fage. Tallafi a matakin digirin farko kaɗan ne ƙwarai. A digiri na biyu da na uku yake da yawa: tallafin Commonwealth na Birtaniya, DAAD ta Jamus, da shirin Neurasmus na Tarayyar Turai wanda na kimiyyar ƙwaƙwalwa ne zalla. A Amurka ɗalibin digiri na uku a wannan fanni yawanci ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ake ba alawus. Shi ya sa nake ba da shawarar a yi na farko a gida.

Masu tantancewa abu uku suke dubawa: sakamako, shaidar kin taɓa yin bincike da hannunki, da wasiƙun malaman da suka san aikinki. Wasiƙar malamin da ya ce kin ci darasinsa kawai ba ta da nauyi, wadda ke aiki ita ce ta wanda zai iya cewa ke kika yanka naman, ke kika yi ƙididdigar. Don haka tun aji biyu ki duba sunayen malaman sashenku a Google Scholar, ki ga wanda ke buga aiki a kan ƙwaƙwalwa, ki je ki yi sallama ki ce kina son taimakawa, ko da wanke kwalabe ne da ciyar da ɓeraye. Yawancin guraben tallafin tsakanin Oktoba da Janairu suke rufewa, takardar cikakken sakamako kuma tana iya ɗaukar watanni kafin ta fito daga jami'a, saboda haka ki neme ta da zarar an fitar da sakamakon ƙarshe, kafin ki tafi sansanin bautar ƙasa.